Daga 2:29 zuwa 1:45: doki ne ya ƙara gudu ko keke ne?

Ɗan Barga:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga wata magana da nake so masana su warware mana. Tseren keken doki nake nufi, wanda doki ke jan ɗan keke mai ƙafa biyu, direba na zaune a bayansa, kuma doka ta hana dokin sukuwa. A 1845 wata kilin goɗiya mai suna Lady Suffolk ta cinye mil ɗaya cikin 2:29½ a Hoboken ta jihar New Jersey a Amurka, aka yi ta jinjina wai an sauko ƙasa da minti biyu da rabi. A watan Yulin 2022 Bulldog Hanover ya yi mil ɗin nan cikin 1:45.4 a filin Meadowlands, a wannan jihar dai. Tazarar ta kusa sakan 44. A cikin sakan 44 ɗin nan, nawa ne na doki, nawa ne na keke da fili?

Malam Mai Agogo:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kafin a raba gadon sai a tantance dukiyar. Na farko, Lady Suffolk keken wancan zamani ta ja a wannan lokacin, ba irin na yau ba. Na biyu, ita sassarfa take yi, shi kuwa Bulldog Hanover takun raƙumi yake yi, kuma kowane tako da littafinsa daban. Na uku shi ne wanda ya fi kayar da mutane: yadda ake rubuta lokacin. A Amurka da Kanada lambar da ke bayan ɗigo kashi biyar ce ta sakan, ba kashi goma ba. Saboda haka 1:45.4 na nufin minti ɗaya da sakan 45 da huɗu bisa biyar, wato 1:45.8 a agogon wayarka. Shi ya sa ba za ka taɓa ganin .5 ko .7 a takardunsu ba, daga .4 sai a tsallaka sakan na gaba. Mutanen da kuwa da kwata suke auna sakan, shi ne ¼ da ½ da ¾ da kake gani a tsofaffin lokuta. Duk wanda ya haɗa waɗannan a lissafi ɗaya bai daidaita su ba, ya yi aikin baban giwa.

Idan aka mayar da shi abin da muka saba: mil mita 1,609 ne. 2:30 kusan kilomita 38.6 ke nan a awa. 2:00 cif kilomita 48.3. Na Bulldog Hanover ya doshi 54.8, da keke da mutum a baya, kuma ba sukuwa.

Kawu Sarkin Linzami:
Bari in sa baki kan takon, don yara su gane abin da Malam ke faɗi. Mai sassarfa yana ɗaga ƙafar gaba ta dama tare da ta baya ta hagu, sannan ya sauya. Mai takun raƙumi yana ɗaga ta gaba da ta baya na gefe ɗaya a lokaci guda, jikinsa na rangaji hagu da dama. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli raƙumi na tafiya ya san abin. Wannan na biyun ya fi sauri, kuma ya fi sauƙin riƙewa saboda akwai dabaibayi.

Dabaibayin nan madaukai huɗu ne, kowace ƙafa na shiga ɗaya a saman gwiwa, ana haɗa na gaba da na baya na gefe ɗaya da maɗauri, a rataye su daga bayan dokin. Wani ma'aikacin jirgin ƙasa a jihar Indiana, John Browning, shi ake danganta wa ƙirƙirarsa wajen 1885. Da farko manyan filaye ƙyamarsa suka yi, suna ganin kayan raggon doki ne. Yau kusan duk masu takun raƙumi da shi suke fita. Tsawonsa kan kama daga inci 54 zuwa 60 da 'yan kai, gwargwadon doki, kuma rami ɗaya a maɗaurin na iya ɓata tsere. Ka matse shi, doki ya kasa miƙa ƙafa, ya gaji tun kafin kwanar ƙarshe, fatar cinya ta saluɓe. Ka sake shi da yawa, ya nemi madogara ya rasa, sai ya ɓalle da sukuwa, kuma sukuwa cikin dabaibayi ita ce ke kifar da doki.

Injiniya:
Kawu, Allah ya ƙara girma. Ni dai ina ɓangaren keke, kuma shekara ɗaya tak ta ishe ni hujja: 1892. Kafin nan keken tsere ƙafafunsa na katako ne dogaye, sun kusa kai kafaɗar mutum, da zoben ƙarfe a baki. A miƙe ba laifi. Da an shiga kwana sai ƙafafun su riƙa zamewa waje suna karkarwa, keken na fizgar bayan doki, dole direba ya sassauta. Maud S. ta yi 2:08¾ a Cleveland a 1885 da irin wannan keken, aka shekara shida ba a taɓa shi ba, sai Sunol ta rage rabin sakan a 1891, ta yi 2:08¼. Ita ma a fili mai siffa ta musamman ta yi, mai dogayen miƙe biyu da babbar kwana ɗaya.

A 1892 aka ɗauko ƙananan ƙafafu irin na keken hawa, masu tayar iska da boris, aka ɗaura wa keken tsere. Nancy Hanks, wadda mafi kyawun lokacinta a 1891 shi ne 2:09, ta yi 2:07¼, ta yi 2:05¼, sannan a watan Satumba ta yi 2:04 a Terre Haute. Goɗiya ɗaya, direba ɗaya, Budd Doble. Sakan biyar cikin shekara guda. Wane kiwo ne zai ba ka wannan?

Hajiya Uwar Duƙushi:
Injiniya, a 1891 shekararta biyar, a 1892 shida. Mai sassarfa a wancan zamanin a waɗannan shekarun yake cika. Kada ka ba taya ladan da girma ya yi.

Injiniya:
Na karɓa, Hajiya, a cire mata sakan ɗaya na girma. To ga wata shaidar da ba ruwanta da shekaru. A 1903 Lou Dillon ta zama mai sassarfa ta farko da ta yi mil cikin 2:00, a Readville kusa da Boston, daga baya ta yi 1:58½ a Memphis. A wannan shekarar dai aka ɗaura mata tsohon keke mai dogayen ƙafafu don a ga yadda za ta yi da lokacin Maud S., ta yi 2:05. Kin ga abin da keke ke ci ke nan. Kin kuma ga naki rabon, don 2:05 ya fi 2:08¾ nesa ba kusa ba.

Malam Mai Agogo:
A nan sai an yi hattara da 1:58½ ɗin. A Memphis an sa wani doki na sukuwa a gabanta yana jan keke mai ɗauke da mayafi a tsakanin ƙafafunsa, sunansa kariyar ƙasa, aikinsa kariyar iska. Haka aka riƙa yi wa Dan Patch. Ya yi 1:55¼ a Lexington a 1905, aka rubuta masa. A 1906 ya yi 1:55 a bikin baje kolin jihar Minnesota, aka ƙi rubutawa don a lokacin an riga an haramta garkuwar iskar. Mai shi, M. W. Savage, wanda ya saye shi dala 60,000 a 1902 don tallar abincin dabbobi, bai taɓa yarda da hukuncin ba, 1:55 ya ci gaba da bugawa a tallarsa. Wanda ya fara sauka ƙasa da minti biyu ba tare da wannan rigimar ba shi ne Star Pointer, mai takun raƙumi, 1:59¼ a Readville, 1897.

Ga abin da nake so zauren ya duba. Ku bi lokutan masu takun raƙumi:

1905, Dan Patch, 1:55¼
1938, Billy Direct, 1:55
1960, Adios Butler, 1:54.3
1966, Bret Hanover, 1:53.3
1971, Steady Star, 1:52
1980, Niatross, 1:49.1
1988, Matt's Scooter, 1:48.2
1993, Cambest, 1:46.1
2016, Always B Miki, 1:46
2022, Bulldog Hanover, 1:45.4

Shekara 55 na farko, ba a rage ko sakan ɗaya cikakke ba. Shekara 33 na tsakiya, daga 1960 zuwa 1993, an rage sakan takwas da ɗoriya. Shekara 29 na ƙarshe, biyu bisa biyar na sakan kawai. Duk bayanin da mutum zai kawo, sai ya faɗa mana dalilin tsayuwa, da dalilin gudu, da dalilin sake tsayuwa.

Hajiya Uwar Duƙushi:
To bari in ɗauki na tsakiyar, don nan ne jini ya yi magana. Amma sai an koma baya kaɗan. Asalin wannan iri daga Messenger ne, ingarman sukuwa da aka kawo Philadelphia daga Ingila a 1788. Tattaɓa kunnensa shi ne Hambletonian, wanda aka haifa a 1849 a jihar New York. Wani ɗan ƙodago a gonar, William Rysdyk, ya saye shi tare da uwarsa dala 125. Dokin bai yi wani abin kirki a fili ba, lokacin da aka auna masa 2:48 ne da ɗan kai, amma ya bar 'ya'ya 1,331, kuma ta hannun huɗu daga cikinsu, George Wilkes da Electioneer da Dictator da Happy Medium, kusan duk dokin da ke wannan tsere a Amurka yau yake fitowa. A 1879 masu kiwo suka kafa mizani: sai doki ya yi mil cikin 2:30, ko ya haifi masu yi, kafin a shigar da shi littafi. Daga wannan mizanin sunan irin, Standardbred, ya samo asali. Wato tun ranar farko agogo ne ke zaɓen wanda zai yi baye.

Abin da ya faru bayan 1950 shi ne ingarmu biyu sun mamaye masu takun raƙumi. Adios ya haifi Adios Butler da Bret Hanover. Sai Meadow Skipper ya zo da wata ƙira daban, dogo, mai sirantaccen jiki, mai dogon tako. Shi ya haifi Albatross, Albatross ya haifi Niatross. Meadow Skipper ɗin dai shi ya haifi Most Happy Fella, wanda ya haifi Cam Fella, uban Cambest. Ku duba jerin Malam, yawanci gidajen nan biyu ne ke ta karɓa daga hannun juna. Ga kuma ɗurin maniyyi da aka halatta a wannan iri, abin da masu dawakin sukuwa suka hana har yau. Ingarma ɗaya ya iya cika goɗiya ɗari biyu ko fiye a shekara, jini mai kyau ya bazu cikin ƙarni biyu na dawaki maimakon biyar. Abin ya yi yawa har hukumarsu ta USTA ta ƙayyade goɗiya 140 a shekara ga sababbin ingarmu, don gudun auren zumunci ya yi wa irin illa.

Hujjata a kan Injiniya ita ce wannan. A ƙarshen Satumban 1938, a fili ɗaya a Lexington, kwana ɗaya tsakani, Billy Direct ya yi 1:55 da takun raƙumi, Greyhound ya yi 1:55¼ da sassarfa. Kwatan sakan ne tsakaninsu. Zuwa 1980 masu takun raƙumi suna 1:49.1, masu sassarfa suna nan a 1:54.4 da Nevele Pride ya kafa a Indianapolis a 1969. Tazara ta haura sakan biyar da rabi. Keke iri ɗaya suke ja, fili ɗaya suke takawa. In keke ne, me ya hana su tafiya tare?

Injiniya:
Hajiya ta kama ni a nan, ban da ta cewa sai dai in rage asara. Mai takun raƙumi yana da dabaibayi, direba na iya matsa masa tun daga kwatan farko ba fargaba. Mai sassarfa in ka matsa masa fiye da kima sai ya watse. Don haka duk wani sauƙi da keke ya kawo, mai dabaibayi ne ke fara cin moriyarsa.

Kuma shekarun nan na gudu su ne shekarun da aka sake ƙera keken. A tsakiyar shekarun 1970 aka fito da wanda aka mayar da kujerarsa bayan layin ƙafafun. Idan direba ya kwanta baya, nauyinsa na ɗaga hannuwan keken sama, maimakon su danne bayan doki sai su riƙa tallafa masa. Shi ya sa direbobin yau kamar a kwance suke, na da kuwa a zaune tsaf kamar masu jiran liman. Daga katako aka koma ƙarfe da alminiyom da zaren kabon, keken ya daina lanƙwasa a kwana, ƙafafun suka riƙa bin layi ɗaya. An taɓa yin mai hannu ɗaya da ke bi ta saman bayan doki, ya yi sauri ƙwarai, aka hana shi saboda haɗari.

Sai fili. Meadowlands an buɗe shi a 1976, zagayensa mil guda. Ana auna fili ne ƙafa uku daga shingen ciki. Duk mita ɗaya da doki ya fita waje, yana ƙara wa kansa mita 6.3 a kowane zagaye. Faɗin keke kusan mita ɗaya da rabi ne, to wanda ya yini a layi na biyu ya ƙara mita tara da 'yan kai a filin mil, kusan kashi uku bisa biyar na sakan. A filin rabin mil zagaye biyu ake yi, kwana huɗu, asarar ta ninka, ga kwanonin a matse. Shi ya sa 1:49 da Betting Line ya yi a gasar Little Brown Jug a 2016, a filin rabin mil na Delaware ta jihar Ohio, bai kamata a raina shi kusa da 1:46 na babban fili ba. Ƙara da karkatar da kwana da aka yi don doki ya jingina, da garin dutse da ya maye gurbin laka a yawancin filaye, da cire shingen ƙarfe na ciki aka sa 'yan turakun roba.

Ɗan Barga:
To Malam, tsayuwar ƙarshe fa? Tun 1993 jini ya ƙare ne, ko injiniyoyi sun yi barci?

Malam Mai Agogo:
Ko ɗaya. Awon ne ya sauya. Yawancin lokutan da ke jerin nan har zuwa Cambest ba a tsere aka yi su ba, a gwajin agogo aka yi su. Ana zaɓar rana mai sanyi marar iska, yawanci a filin Red Mile na Lexington cikin kaka ko a Springfield ta Illinois, a gyara fili don doki ɗaya. Ya bi shinge tun daga farko har ƙarshe, ba mai tare shi, ba mai fitar da shi waje. Ana sa dawakin sukuwa ɗaya ko biyu da kekunansu su bi shi a gefe suna zuga shi, direba kuma ya raba ƙarfin daidai a kwata huɗu. Niatross a ranar 1 ga Oktoban 1980, Clint Galbraith na tuƙi, in ka raba 1:49.1 gida huɗu kowace kwata sakan 27.3 ce a agogon waya. Ya sare kusan sakan uku daga lokacin Steady Star a fita ɗaya. A takarda ana sa harafin T gaban irin wannan lokacin don a bambanta shi da na tsere.

Bayan shekarun 1990 masu saye suka daina ba lokacin gwaji daraja, aka bar yinsa ga manyan dawaki. Always B Miki da Lather Up, wanda ya yi 1:46 a 2019, da Bulldog Hanover duk a cikin tsere suka yi nasu, da abokan hamayya da turereniya. In kana son gaskiyar ci gaban, bi lokutan tsere zalla: Jenna's Beach Boy 1:47.3 a 1996, Holborn Hanover 1:46.4 a 2006, Somebeachsomewhere ya maimaita shi a 2008 yana ɗan shekara uku, sai 1:46, sai 1:45.4. Ana tafiya, sai dai tafiyar hawainiya. A wannan gudun kashi ɗaya bisa biyar na sakan mita uku ne, tsawon doki ɗaya ke nan.

Masu sassarfa kuma a wannan lokacin ne suka biya bashi: Mack Lobell 1:52.1 a 1987, Pine Chip 1:51 a 1994, Enough Talk ya fara sauka ƙasa da 1:50 a 2008 da 1:49.3, Sebastian K 1:49 a 2014, Homicide Hunter 1:48.4 a 2018. Tazarar da Hajiya ta ambata ta dawo sakan uku.

Kawu Sarkin Linzami:
Kun bar maƙeri a baya, alhali rabin sassarfa a kofato take. Mai sassarfa matsalarsa ƙafar gaba da ta baya na gefe ɗaya suna haɗuwa a ƙarƙashin ciki: ta gaba na tashi, ta baya na isowa. In ta gaba ta yi jinkiri, bakin takalminta ya sari ta baya a saman kofato ko a ƙwauri, doki ya ji zafi ya ɓalle. Mai takun raƙumi nasa daban ne, ƙafar baya ke tsallakawa ta bugi ta gaba ta ɗaya gefen, ko ya riƙa bugun gwiwarsa da kofaton gaba. Maganin mutanen da shi ne nauyi. Su sa takalmi mai nauyi a gaba, su ƙara ɗan ƙarfe a bakin kofato, su bar kofaton ya yi tsawo, don ƙafar ta yi lilo ta ba ta baya hanya. Yana gyara tako, amma kowane awo na ƙarfe doki zai ɗaga shi sau ɗaruruwa kafin mil ya ƙare. Na yau an haife su da takon, takalmin alminiyom mara nauyi ya ishe su, wasu ma a cire musu gaba ɗaya ranar babban tsere. Sebastian K da Malam ya ambata, ɗan Suwidin, ba takalmi yake gudu ba, kuma yana da shekara takwas ya yi 1:49 ɗin a fili mai kashi biyar bisa takwas na mil. Sai dai cire takalmi ba a yinsa kowane mako. Garin dutse na cin kofato kamar magagari, in ka maimaita sau uku a jere sai dokin ya fara ɗingishi.

Wannan ya koma wajen Hajiya, don dokin da ba ya bukatar gyara kiwo ne ya samar da shi.

Hajiya Uwar Duƙushi:
Na gode Kawu. Masu bincike a Uppsala ta Suwidin ma sun gano a 2012 cewa sauyi a ƙwayar gado guda, DMRT3, shi ke ba doki damar riƙe sassarfa ko takun raƙumi a babban gudu ba tare da ya koma sukuwa ba. Dawakin Amurka na wannan iri kusan dukkansu suna ɗauke da shi ta uwa da uba. Masu kiwon 1879 ba su san sunansa ba, da agogo suka tace shi.

Amma kada a ɗauka na da ba dawaki ba ne. Goldsmith Maid ba ta fara tsere ba sai tana da shekara takwas, ta yi 2:14 a 1874 tana da shekara 17, ta tara dala 364,200 a kuɗin wancan zamani. A lokacin sai doki ya ci karo uku cikin biyar a yini ɗaya kafin a ba shi tsere, kowane karo mil guda. Dokin da ya san zai fita sau biyar kafin magariba ba a tuƙa shi kamar wanda zai fita sau ɗaya ya koma barga. An yi kiwon na da don juriya, na yau don mil ɗaya tun suna shekara biyu.

Na Yamai:
Gaisuwa ga manya. Duk maganar nan ta Amurka ce, kuma mu nan Nijar da 'yan'uwa na Kamaru wanda muka fi gani a takardun PMU, wato cacar tseren dawakin Faransa, ne, ko da mutum ba ya caca ya ga hoton. A can lissafin daban yake. Faransa ba ta tseren takun raƙumi, sassarfa ce kawai, wata da keke wata da mahayi. Lokaci kuma da kilomita ake faɗinsa, da kashi goma na sakan. In ka ga 1'10"8, matsakaicin abin da doki ya ci a kowace kilomita ke nan. Shi ne lokacin Face Time Bourbon a babbar gasarsu ta Prix d'Amérique ta 2021. In ka mayar da shi mil zai ba ka kusan 1:54, sai mai gaggawa ya ce ai Homicide Hunter ya fi shi da sakan biyar. To amma gasar mita 2,700 ce a filin Vincennes na Paris, cikin sanyin Janairu, filin na da gangara da hawa, dawaki har 18, kuma ba mota ake bi a tashi ba, juyowa suke yi su ɗauki hanya. Na Homicide Hunter in an mayar da shi kilomita 1'07"6 ne, a mil ɗaya a shimfiɗaɗɗen fili. Ba a gwada su.

Hukuncin ɓallewa ma ya bambanta. A Amurka in doki ya yi sukuwa, direba ya fitar da shi gefe, ya ja shi ya yi asarar ƙasa, ya dawo da shi kan tako, ya ci gaba. A Faransa alƙalai na bin su a mota, in ya wuce 'yan takun da aka yarda ko ya yi a kusa da ƙarshe, an fitar da shi ke nan. Shi ya sa abin alfaharinsu yawan cin gasa ne. An fara Prix d'Amérique a 1920, kuma Ourasi ya ci sau huɗu, 1986 da 1987 da 1988 da 1990.

Ɗan Barga:
Motar tashi da ka ambata fa, Na Yamai? Ba ta cikin abin da ya rage lokaci a Amurka?

Malam Mai Agogo:
Kaɗan ne nata a agogo. Steve Phillips ya kawo ta filin Roosevelt a New York a 1946: mota mai fukafukai biyu, dawaki su jera hanci a bayansu, ta riƙa ƙara gudu har layin tashi, sannan ta naɗe fukafukan ta tsere. Kafin ita ma da gudu ake tashi. Dawaki kan taho a jere, in alƙali ya ga layin bai daidaita ba ya buga ƙararrawa a koma, wani lokaci sau goma ko fiye, direbobi masu wayo na yi da gangan don su gajiyar da dokin da ake tsoro. Agogo a da da yanzu yana fara aiki ne sa'ad da hancin farko ya ƙetare layi. Abin da motar ta gyara shi ne dawaki na isa layin da sauran ƙarfinsu, kuma tsere na tashi a kan lokaci, wanda shi ya sa tseren dare ya karɓu. A filin mil dawaki goma ke jerawa a bayanta, a na rabin mil takwas, kuma wanda ya ci lamba ta takwas a ƙaramin fili sai dai ya zaɓa: ya ƙone kansa a kwatan farko don ya samu shinge, ko ya koma can baya ya jira.

Injiniya:
In za a yi rabon da Ɗan Barga ya nema, ni ga nawa: sakan huɗu zuwa biyar na 1892 na taya ne, ba gardama. Na shekarun 1970 zuwa 1990 a raba tsakanin keke da fili da gidan Meadow Skipper. Sauran na bar wa Hajiya.

Hajiya Uwar Duƙushi:
Ban karɓi rabon ba tukuna, Injiniya. Greyhound dandaƙaƙƙe ne, bai bar ɗa ko ɗaya ba, kuma 1:55¼ ɗinsa ya shekara 31 a tsaye, da keken katako da direbansa Sep Palin zaune a miƙe. Ka lissafa mana abin da zai yi da keken yau a Red Mile, mu ga ko sakan nawa za ka iya ba shi da hujja.

Injiniya:
Ba zan wuce uku ba, Hajiya, huɗu in an cire masa takalmi. Ya tsaya wajen 1:51 ko 1:52, kusa da Pine Chip da Mack Lobell. Sauran sakan ukun da ke tsakaninsa da Homicide Hunter naki ne.